Iyalan da Suka Tare a Garkida

A ƙarshen Disambar 1922 wasu Amurkawa biyu suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko: Harold Stover Kulp, ɗan shekara 28 daga jihar Fensilbaniya, da abokin tafiyarsa Albert Helser. Dukansu magidanta ne, amma babu wanda ya zo da matarsa. Ba su ma san inda za su yada zango ba tukuna, don haka aka tsara maza su yi gaba, in wuri ya samu mata su biyo baya. Yawancin masu ba da labarin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, a kan mazan nan biyu suke tsayawa. A ganina, rabin labarin ke nan.

Cocin da ya aiko su, wato Cocin 'Yan'uwa, ƙarami ne ko a Amurka. An kafa shi a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, lokacin da mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder. Tsangwama ta sa mabiyansa suka yi hijira zuwa Fensilbaniya daga 1719. Mutane ne da suka haramta wa kansu ɗaukar makami, suna wanke wa juna ƙafa a wajen ibada, kuma akasarinsu manoma ne. Hijira da iyali ba baƙon abu ba ne a gidansu.

Jirgin ƙasa ya kai Kulp da Helser Jos. Daga nan sai doki da ƙafa da 'yan dako, har ƙasar Biu. Can suka tarar da abin da ba su yi tsammani ba: babban mai adawa da zuwansu Bature ne ɗan'uwansu. H. R. Palmer, Razdan na Lardin Barno, yana riƙe da manufar da aka gada tun zamanin Gwamna Lugga, cewa ba a barin 'yan mishan su zauna a ƙasar da sarki Musulmi ke mulki. Sarautar Biu ta Pabir ce, kuma Musulma ce, amma talakawan Bura da ke kewaye akasarinsu addinin gargajiya suke bi. A kan wannan aka yi ta ja-in-ja, takardu suna kai-da-komo har gaban Gwamna a Ikko. Biu dai ba su samu ba. Abin da suka samu shi ne Garkida, wani ƙauyen Bura a bakin kogin Hawul, wanda a yau yake ƙaramar hukumar Gombi ta jihar Adamawa. Ranar 17 ga Maris 1923 suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya, tare da leburorin da za su haƙa musu harsashin gida. Wannan ranar ce EYN take ƙirgawa a matsayin ranar haihuwarta.

Kafin shekarar ta fita, matansu, Ruth Kulp da Lola Helser, suka iso.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Namijin da ya zo shi kaɗai, ko da ya gina ɗaki, mutanen gari kallon matafiyi suke yi masa, kuma suna da gaskiya, don joji da mai awon ƙasa da sojan Turawa duk haka suke zuwa su wuce. Ranar da mata suka tare, aka girka tukunya, aka shanya wanki a tsakar gida, lissafin ya sauya. Akwai kuma ƙofofin da namiji ba ya shiga, ko a ƙasar da ba a yin kulle: ɗakin mai naƙuda, zaman jego, hirar mata a bakin rafi. Duk wanda ya san yadda ƙauye yake ya san cewa a waɗannan wurare ake yanke hukunci a kan baƙo, ko a saki jiki da shi ko a yi kaffa-kaffa.

Ruth 'yar babban gida ce a cocinsu. Mahaifinta, Galen B. Royer, ya daɗe yana sakataren hukumar da ke aika 'yan mishan ƙasashen waje, wato ta tashi tana jin labarin waɗanda aka aika Indiya da Sin, har da waɗanda ba su dawo ba. Zamanta a Garkida bai cika shekara ba. A watan Yunin 1924 ta haihu, ta rasu, jaririn ma bai zo da kwana ba. Asibitin da aka gina a garin daga baya sunanta aka sa masa. A wannan shekarar ce likitan farko na mishan ɗin, Dokta Homer Burke, ya iso tare da matarsa, kuma tun daga nan magani ya zama ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafun aikin, tare da makaranta da wa'azi. A 1929 aka buɗe sansanin masu cutar kuturta kusa da Garkida, wanda ya riƙa karɓar marasa lafiya daga ƙabilu da dama. Da yawansu sun koma garuruwansu da sabon addini, kuma ta hannunsu Kiristanci ya shiga ƙauyukan da ƙafar Bature ba ta taɓa takawa ba.

Kulp bai tattara kayansa ba. A 1926 ya auri Christina Masterton, 'yar Sikotlan wadda ita ma ta riga ta yi aikin mishan a wani sashe na Afirka. Shekarar da ta biyo baya aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma a Garkida, bayan shekara huɗu cur ana aiki, sannan ma'auratan suka nausa gabas suka buɗe sabuwar tasha a Lassa, cikin Margi. Sabon harshe, sabon gini, daga tushe. (Sunan wannan gari ne duniya ta sani yau ta hanyar da mutanensa ba za su so ba: wata nas ta mishan ɗin, Laura Wine, a asibitin Lassa ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a Janairun 1969, aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos inda ta rasu, cutar kuma ta ci sunan garin.) Bayan Lassa sai Marama, sai Cibok a farkon shekarun 1940.

Abin da ya fi ci wa waɗannan iyalai tuwo a ƙwarya, bayan zazzaɓi, shi ne 'ya'ya. Yaro ya tashi yana jin Bura ko Margi kamar ɗan gari, sai lokacin makaranta ya yi. Ko dai a bar shi a Amurka hannun dangi, iyaye su yi shekaru ba su sa shi a ido ba, ko kuwa uwa ta bar aiki ta zauna da shi can, miji yana nan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ƙetare teku ya zama kasada, sai matsalar ta kai maƙura. A 1942 Cocin 'Yan'uwa ya buɗe makarantar Hillcrest a Jos domin 'ya'yan 'yan mishan, daga baya wasu ƙungiyoyin mishan suka shigo aka yi ta tare. Makarantar tana nan har yau, kuma mafi yawan masu wucewa ta gabanta ba su san cewa kukan iyaye mata daga Garkida da Lassa ne ya haife ta ba.

Ba waliyyai ba ne, kuma ba daidai ba ne a mai da su haka. Sun zo da idon zamaninsu. Helser ya rubuta littafi a 1934 a kan ilmantar da mutanen da ya zauna da su, kuma tun daga sunan littafin ya kira su mutanen da ba su waye ba. Duk sa-in-sar da suka yi da Palmer, inuwar mulkin mallaka ce ta ba su damar zama. An kuma daɗe ana jan ƙafa kafin a danƙa wa 'yan ƙasa ragama. Sai dai abu guda ba za a ƙwace musu ba: sun zauna sun koyi harshen mutane. Tun a 1925 aka buga Bisharar Markus da Bura. Da cocin ya faɗaɗa ya haɗa Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da wasunsu, sai Hausa ta zama harshen taro da na horar da fastoci, musamman da yake Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932.

Helser ya bar su a 1936, ya koma wata ƙungiyar mishan, SIM. Christina ta rasu a 1952. Kulp ya ci gaba har 1963, shekara 40 ke nan, sannan ya koma Amurka, inda ya rasu a 1964. Makarantar horar da fastoci da ke Kwarhi kusa da Mubi sunansa take ɗauke da shi. A 1972 cocin ya tsaya da ƙafarsa ƙarƙashin shugabancin 'yan ƙasa, kuma a yau mabiyansa sun ninka na uwar cocin da ke Amurka sau da yawa.

Wuraren da waɗannan iyalai suka zaɓa su ne daga baya suka faɗa tsakiyar rikicin Boko Haram. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Cibok a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne. A Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatar cocin a Kwarhi, shugabanni suka yi gudun hijira zuwa Jos kafin daga baya su koma. A Fabrairun 2020 aka kai hari Garkida kanta, aka ƙona coci-coci da gidaje. Duk da haka, a Maris 2023 EYN ta yi bikin cika shekara 100, kuma 'yan Cocin 'Yan'uwa da suka zo daga Amurka a matsayin baƙi suka halarta.