Yadda ake amfani da AC a motar haibrid ba tare da an gajiyar da batir ba

A motocin haibrid irin su Toyota Prius daga ƙirar 2004 zuwa yau, kwamfuresar AC daga babban batir take jan wuta, ba bel ɗin inji ke juya ta ba. Shi ya sa a gosulon Legas za ka ji inji ya tashi da kansa kana tsaye: batir ya yi ƙasa, sai an ƙona fetur a caja shi.

In mota ta sha rana, sauke gilasai zafi ya fita kafin ka kunna AC. Sannan danna maɓallin juya iskar ciki, ka bar sanyi a 24 ko 25. Maɓallin ECO ma yana rage wutar da AC ke ci. Da damina, in gilashi ya yi raɓa, koma kan iskar waje.

Batirin da iskar cikin mota yake hucewa, ta wata kafa gefen kujerar baya. Kada kaya su toshe ta.

Wajen gyara, tuna wa makanike ND-11 ne man kwamfuresar Toyota haibrid. Man gama-gari yana iya lalata ta.