Daga Jos zuwa 12 ga Yuni: Yadda Kingibe ya zama abokin takarar Abiola, Atiku ya tashi a tutar babu

Duk shekara idan 12 ga Yuni ta zagayo, sai a sake tono maganar tikitin Musulmi da Musulmi. Tun daga watan Yulin 2022, lokacin da Bola Tinubu ya je Daura gaisuwar Sallah ya sanar da sunan Kashim Shettima a matsayin abokin takararsa, masu kare wannan zaɓi ba su da hujjar da ta fi ta zaɓen 12 ga Yuni 1993: ai Abiola ma haka ya yi, kuma ’yan ƙasa suka zaɓe shi. Masu suka kuwa sai su ce Najeriyar wancan lokaci daban ce. Da wuya ka ji ɗayansu ya tsaya ya tambayi yadda aka yi Babagana Kingibe ya hau wannan tikiti tun farko, alhali a nan ne darasin yake.

Kujerar mataimakin shugaban ƙasa ba tsohuwa ba ce a Najeriya. Kundin tsarin mulkin 1979 ne ya kawo ta, lokacin da aka ajiye tsarin firaminista irin na Ingila aka ɗauko na Amurka. Kundin ya kuma gindaya sharaɗi cewa rinjayen ƙuri’u kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wannan sharaɗi shi ya mayar da abokin takara kadarar neman ƙuri’a a yankin da mai gida ba shi da ƙarfi. Alhaji Shehu Shagari ya ɗauko Alex Ekwueme, mai zanen gine-gine daga Anambra, shekara tara kacal bayan yaƙin basasa. Malam Aminu Kano ya ɗauki Samuel Ikoku. Abin da ake yawan mantawa shi ne Obafemi Awolowo ya ɗauki Philip Umeadi, dukkansu Kiristoci kuma ’yan Kudu, Nnamdi Azikiwe kuma ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami’ar Ahmadu Bello, shi ma Kirista. Ke nan tikitin addini ɗaya ya girmi Abiola a siyasar ƙasar nan. Bambancin kawai shi ne waɗancan ba su ci zaɓe ba, shi ya sa ba a tuna su.

Jamhuriya ta uku ta zo da salo na daban. A 1989 Janar Ibrahim Babangida ya watsar da ƙungiyoyin siyasar da ’yan siyasa suka kafa, ya ƙirƙiro jam’iyyu biyu da kansa, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar gaggafa, har gwamnati ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Kingibe, ɗan Borno, tsohon ma’aikacin gidan rediyo da talabijin na Arewa da ke Kaduna, tsohon jakada a Girka da Pakistan, shi ya zama shugaban SDP na ƙasa a 1990, da goyon bayan ɓangaren Janar Shehu Musa ’Yar’aduwa. A ƙarƙashin shugabancinsa aka tsayar da ’yan takarar gwamna a 1991, kuma jam’iyyar ta fito da gwamnoni 14 cikin jihohi 30. A riƙe wannan lissafi, don shi ne mabuɗin labarin.

A 1992 ’Yar’aduwa ya yi wa abokan hamayyarsa fintinkau a zaɓen fitar da gwani na SDP. Babangida ya soke zaɓen, ya haramta wa ’yan takara 23 na jam’iyyun biyu sake tsayawa, ya kuma rushe shugabannin jam’iyyun. Aka fito da sabon tsari da ake kira A4, inda mai neman takara zai faro daga mazaɓarsa, ya haura ƙaramar hukuma, ya ci jiharsa, sannan ya je babban taro. Da aka rufe wa ’Yar’aduwa ƙofa sai ya tura yaronsa, tsohon jami’in kwastan Atiku Abubakar. Kingibe, wanda tuni ya raba gari da tsohon ubangidansa, shi ma ya fito. Na uku shi ne attajirin Abeokuta, Moshood Abiola, mai jaridar Concord, wanda da wuya a samu jihar Arewa da kuɗinsa bai shiga wani masallaci ko makaranta ko gidauniya ba.

A ƙarshen watan Maris na 1993 wakilai suka hallara a Jos. Zagayen farko ya ƙare Abiola na gaba, Kingibe na biye da shi dab da dab, Atiku na uku da ƙuri’u masu kauri. Duk wanda ya iya lissafi ya san cewa inda wakilan Atiku suka karkata, can nasara za ta tafi. ’Yar’aduwa ya umarci mutanensa su mara wa Abiola baya, Atiku ya janye, aka sake zagaye, Abiola ya tsallake da tazara ’yar kaɗan. A Fatakwal kuma NRC ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa na Kano, wanda ya bi tsohuwar hanya ya ɗauki Kirista ɗan ƙabilar Ibo, Dokta Sylvester Ugoh, mutumin da ya taɓa riƙe babban bankin Biyafara.

Daga nan ruwayoyi suka rabu. Mutanen ’Yar’aduwa, har da Atiku kansa, sun daɗe suna cewa an ƙulla yarjejeniya: a ba Abiola ƙuri’u, shi kuma ya ba Atiku mataimaki. A wurinsu abin da ya biyo baya cin amana ne ƙarara. Ruwaya ta biyu ta ce fadar mulki na da nata ɗan lelen, wato Paschal Bafyau, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, Kirista ɗan Adamawa, wanda a takarda ya cika duk sharuɗɗa: ɗan Arewa ne, Kirista ne, kuma yana da ma’aikata a bayansa. Masu wannan ruwaya har suna ƙarawa da cewa ƙin ɗaukar Bafyau na cikin abubuwan da suka ɓata tsakanin Abiola da amininsa Babangida. Ruwaya ta uku ita ce ta gwamnoni. Ta ce gwamnonin SDP, waɗanda akasarinsu ke ganin Kingibe ne ya share musu hanya a 1991 kuma suka yi masa aiki a Jos, sun ja daga cewa ko nasu ko kuma kowa tasa ta fisshe shi.

Ruwayoyin ba sa kore juna, amma ta gwamnoni ce ta fi zama a hankali. Abiola baƙo ne a SDP. A jamhuriya ta biyu ɗan NPN ne, kuma bai daɗe da shiga jam’iyyar doki ba lokacin taron Jos. Kuɗi yana da su, suna yana da shi, amma ba shi da mutanen da za su tsaya masa a rumfunan zaɓe tun daga Maiduguri har Calabar. Waɗannan suna hannun gwamnoni. ’Yar’aduwa kuwa an riga an biya shi rabin ladansa, tunda mutuminsa Tony Anenih ne ya zama shugaban jam’iyya. A idon ɗan kasuwa irin Abiola, wanda ya riga ya karɓi wani abu zai fi sauƙin lallashi a kan mutum 14 da ba su karɓi komai ba kuma suke riƙe da baitulmalin jihohi. Batun Bafyau kuwa, ko da gaskiya ne an so shi, yi masa kallon dalilin da ya sa Babangida ya soke zaɓen daga baya ya yi nisa. Wanda ya ɗage ranar miƙa mulki sau da dama kafin a san wa zai tsaya ba ya buƙatar sunan mataimaki kafin ya sami uzuri.

Kada kuma a ɗauka addini ba ya tafasa a lokacin. Rigimar shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986, rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 duk suna nan ɗanye, kuma Abiola babban jigo ne a Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Shugabannin Kirista sun yi ƙorafi. Amma jama’a sun gaji da soja, talauci ya yi musu katutu bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, ’yan Kudu kuma sun ƙagu su ga mulki ya sauko wajensu. Sakamakon da ya fita, wanda ba a kammala sanarwa a hukumance ba kafin a soke shi ranar 23 ga Yuni, ya nuna Abiola ya samu kusan kashi 58 cikin ɗari, da jihohi 19 da Abuja. Ya ci Filato da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, inda Kiristoci ke da yawa. Ya ci Borno da Yobe, ƙasar Kingibe. Ya kayar da Tofa a Kano. Sai dai cikin jihohi 11 da suka kuɓuce masa akwai Katsinar ’Yar’aduwa da Adamawar Atiku. Gaskiya ne gwamnonin NRC ke mulkin jihohin biyu, amma Kano ma haka take, kuma doki ya ratsa ta.

A ranar zaɓe, lissafin Abiola ya ci. Bayan ranar ne aka ga kuɗin da ya biya. Da aka soke zaɓen, shugabancin jam’iyyarsa ƙarƙashin Anenih ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Ɓangaren ’Yar’aduwa ba shi da abin da zai rasa idan an binne 12 ga Yuni, tunda ba shi da kowa a kan tikitin, sabon zaɓe kuma na iya buɗe wa jagoransa ƙofa. Da Atiku ne mataimaki, da wuya wannan rukuni mai ƙarfi a jam’iyya da majalisa ya saki hannu da sauri haka.

Shi kansa abokin takarar bai daɗe ba. Janar Sani Abacha ya ture Shonekan ranar 17 ga Nuwamba 1993, cikin ’yan kwanaki kuma aka rantsar da Kingibe ministan harkokin waje. A nan adalci ya wajaba. Ba shi kaɗai ya shiga ba: Lateef Jakande, Ebenezer Babatope, Olu Onagoruwa, Abubakar Rimi, Solomon Lar da Iyorchia Ayu duk sun karɓi muƙami, Abiola da kansa ya kai wa Abacha ziyara, kuma mutane da yawa a sansaninsa sun yi zaton Janar ɗin zai miƙa masa mulki. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne abin da ya biyo baya. Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Epetedo da ke Legas ranar 11 ga Yuni 1994, aka kama shi, ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. Duk tsawon zamanin Abacha, mutumin da aka zaɓe su tare yana cikin majalisar ministoci, daga harkokin waje zuwa cikin gida zuwa wutar lantarki da ƙarafa. A watan Yunin 2018, da Shugaba Buhari ya mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya, Kola Abiola ne ya karɓi lambar GCFR a madadin mahaifinsa, Kingibe kuma ya miƙa wuya aka rataya masa GCON da kansa.

Sauran tarihin gajere ne. Atiku ya sami kujerar da ta kuɓuce masa bayan shekara shida, ya bar gwamnan Adamawa da aka zaɓe shi ya bi Obasanjo, suka ƙare a kotu. A 2007 aka haɗa Umaru ’Yar’aduwa da Goodluck Jonathan don a sanyaya zuciyar yankin Neja Delta, ranar 5 ga Mayu 2010 kuma rasuwar Umaru ta sa mataimakinsa ya zama shugaban ƙasa, tsarin karɓa-karɓa na jam’iyyarsu ta PDP ya rikice. A 2022 Atiku da kansa ya tsallake Nyesom Wike ya ɗauki Ifeanyi Okowa, gwamnoni biyar suka juya masa baya, ya ɗanɗana abin da masu fushi a cikin gida ke iya yi wa ɗan takara.

Masu kafa hujja da 1993 suna da gaskiya cewa tikitin addini ɗaya na iya cin zaɓe. Amma tambayar da ta fi ƙona ’yan takarar Najeriya ba ta addinin mataimaki ba ce. Biyu ne: wa aka ɓata wa rai kafin a ɗauko shi, kuma ina zai tsaya ranar da abubuwa suka lalace. Abiola ya amsa tambayar gwamnoni, ya bar waɗannan biyun ba amsa.