Magungunan matsuwar fitsari: Yadda suke aiki da waɗanda bai dace su sha ba

Matsuwar fitsari lalura ce da ke sa mutum ya ji fitsari ya taso masa farat ɗaya, ya kasa daurewa, wani lokaci ma ya kuɓuce masa kafin ya kai makewayi. Mai ita yakan zagaya fiye da sau 8 a yini da dare, kuma yakan farka daga barci saboda haka. Tushenta shi ne tsokar mafitsara, wadda kan matse tun mafitsarar ba ta cika ba, alhali ta babban mutum tana iya ɗaukar kusan rabin lita.

Magungunan wannan lalura rukuni biyu ne. Na farko yana tare saƙon da jijiyoyi ke aika wa tsokar mafitsara cewa ta matse. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne oxybutynin, wanda Amurka ta amince da shi a 1975. Daga baya tolterodine ya zo a 1998, sai solifenacin a 2004, wanda ake sha sau ɗaya a rana, miligiram 5 ko 10. Rukuni na biyu kuwa sassauta tsokar yake yi domin mafitsara ta ƙara ɗaukar fitsari. Fitaccensu shi ne mirabegron, wanda kamfanin Astellas na Japan ya samar, aka fara amfani da shi a can a 2011.

Ba a ganin amfaninsu dare ɗaya. Akan ɗauki makonni 4 zuwa 8 kafin sauƙi ya bayyana sosai, kuma rage lalurar suke yi, ba kawar da ita ba.

Rukunin farko yana haddasa bushewar baki, taurin bayan gida da dishi-dishin ido. Yana kuma rage zufa, abin da ke da haɗari a watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, musamman ga mai wuni a kasuwa. Ga tsofaffi, oxybutynin na iya kawo ruɗewa da mantuwa. Masu wani nau'i na hawan jinin ido, da waɗanda fitsari ke riƙe musu, ba a ba su wannan rukuni. Shi kuwa mirabegron yana iya ɗaga hawan jini, don haka ake auna jinin mai shan sa a kai a kai.

Abu mafi muhimmanci shi ne, ba kowane yawan fitsari ne waɗannan magunguna ke yi wa aiki ba. Ciwon suga da ƙwayoyin cuta a mafitsara duk suna kawo shi, haka ma wasu magungunan hawan jini. Dattijon da halittar furostet ta kumbura masa, idan ya sha ba tare da gwaji ba, fitsarin na iya tsaya masa cak. Yoyon fitsari da mata kan samu bayan doguwar naƙuda kuwa rauni ne da tiyata ke gyarawa, ƙwaya ba ta yi masa komai. Saboda haka likita kan fara da gwajin fitsari da na suga kafin ya rubuta magani.

Kafin magani ma, akwai matakan da ake farawa da su: rage goro, shayi da kofi, domin suna tsokano mafitsara, rage shan ruwa gab da kwanciya, da horar da mafitsara ta hanyar ƙara tazara tsakanin zagayawa sannu a hankali na akalla makonni 6. Idan duk waɗannan suka gaza, akwai allurar Botox da ƙwararren likita ke yi a cikin mafitsara, wadda amfaninta kan kai kimanin wata 6.

Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko yake jin zafi da zazzaɓi tare da shi, asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba, ba kyamis ba.