Ƴan Dakon Ƙaramar Ƙwaƙwalwa: Tarihin Gano Mazauninsu

A shekarar 1837 ne Jan Purkinje ya bayyana wasu manyan ƙwayoyin jijiya a ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke wajen ƙeya, mai daidaita tafiya da motsin jiki. Da sunansa ake kiran su har gobe. Ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyi kuwa, Rudolf Virchow ya raɗa musu suna giliya, ma'ana danƙo, don a ganinsa riƙe jijiyoyi kaɗai ne aikinsu. Wannan raini ya haura shekara ɗari.

Idan ƙwayar jijiya za ta aika wa ƴar'uwarta saƙo, sinadari take fesawa, kuma wanda ya fi yawa a ƙwaƙwalwa shi ne gulutamet, wanda ke cikin farin magin girki. In ya taru ba a kwashe ba, zaburar da ƙwayoyin yake yi har su mutu. To, wa ke kwashe shi?

A 1992 ɗakunan bincike uku suka fito da furotin ɗin da ke wannan dako: GLAST daga birnin Kolon na Jamus, GLT-1 daga Ƙudus, EAAC1 daga Boston. EAAT4 ya biyo baya a 1995. Sai dai sanin sunan ɗan dako daban, sanin inda yake tsayawa daban.

Masanan Oslo ne suka fi kowa naci a nan. A 1998 Knut Lehre da Niels Danbolt suka ƙirga su a ƙwaƙwalwar ɓera. A saman ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa sun sami GLAST kimanin 18,000 a kowane murabba'in maikiromita mai tsawo da faɗi da zurfi, GLT-1 kuwa kimanin 2,800, alhali a sashen ajiyar tunani GLT-1 ne ke da rinjaye. Wannan tarin GLAST a jikin giliyar Bergmann yake, wadda ke lulluɓe mahaɗun ƙwayoyin Purkinje. Ashe waɗanda aka ɗauka danƙo su ne ke ɗauke da mafi nauyin aikin. EAAT4 kam a jikin ƙwayoyin Purkinje yake, a rarrabe zane-zane, nan da yawa, can kaɗan.

A shekarar dai, masu bincike a Japan suka samar da ɓerayen da ba su da GLAST. Suna tafiyarsu ta yau da kullum, amma suna kasawa a gwajin motsi mai wuya, kuma rauni a ƙaramar ƙwaƙwalwa ya fi yi musu illa.