Sandar Jirgi da Dalar Gyaɗa: Wani Ɓangare na Tarihin Reluwe a Ƙasar Kano

Dogo bai taɓa ratsa Tsanyawa ba. Garin yana kan hanyar Kano zuwa Katsina ne, gaba da Bichi, cikin karkarar nan mai cunkoson gonaki wadda ba a barin ƙasa ta huta. Da Turawa suka shimfiɗa rassan dogo, ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda cikin 1929, ɗaya kuwa ya fita daga Kano ta Ringim ya isa Nguru cikin 1930. Tsanyawa ta zauna a tsakani, jakuna da raƙuma, daga baya motocin lodi, su ke kai amfaninta Kano. Duk da haka, wajen shekara 60, rabon manomin wannan yanki yana rataye da abin da ke gudana a tashoshin jirgi waɗanda galibi bai taɓa gani ba. Masu rubuta tarihin gyaɗa sun yi magana mai yawa a kan attajirai da kamfanoni. Mu a nan aikin tafiyar da jiragen kansa za mu duba, gama a nan ne maƙogwaron cinikin ya ke.

An fara aikin dogo daga Baro, a bakin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, wanda dā ma injiniyan reluwe ne, ya yi irin wannan aiki a Sudan. Dogon ya iso Kano cikin 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa cikin 1912, shekarar da aka haɗa shi da na Ikko suka zama reluwe guda. Auduga Turawa suka sa wa rai. Manoma suka auna, suka ga gyaɗa ta fi: tana jure wa jigawa, ana shuka ta tare da gero, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar cikin 1913 ta haura tan 19,000, alhali kuwa a 1912 ba ta kai 3,000 ba.

To, dukan wannan kaya ta layi ɗaya tak zai bi, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, tafiyar wajen mil 700 zuwa teku. Layi ɗaya kuwa, mai hawa da mai gangara duk nasu ne. Ba inda za su yi wa juna hanya sai a tasha, inda aka tsaga dogon biyu, ɗaya ya raɓe ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Tsakanin Zariya da Kano akwai irin waɗannan ƙananan tashoshi, kamar Likoro da Dangora da Madobi da Calawa, waɗanda babban amfaninsu ke nan.

Yaya za a tabbata jiragen biyu ba su shiga tsakanin tasha da tasha gaba da gaba ba? A Ingila da jini aka koyi amsar. Cikin 1874, kusa da Norwich, jirage biyu suka yi karo a layi guda saboda ruɗanin saƙon waya, mutum 25 suka mutu. Bayan wannan ne Edward Tyer ya fito da na'urarsa cikin 1878, sa'an nan Webb da Thompson suka ƙera tasu mai sanda. Irin wannan tsari na sanda shi aka bi a dogon Nijeriya. Ga yadda ya ke: kowane yanki na layi yana da akwati biyu na ƙarfe, ɗaya a wannan tasha, ɗaya a waccan, waya ta haɗa su. A cikinsu akwai sanduna na ƙarfe. Mai tasha ba shi iya zare sanda sai takwaransa na can ya amsa masa ƙararrawa ya sakar masa wuta. Da zarar sanda guda ta fita, akwatunan biyu sun kulle, ba mai sāke zare wata sai an mayar da ita a ɗaya daga cikinsu. Direba kuwa, kome gaggawarsa, ba shi da izinin shiga yankin sai sandar tana hannunsa. Watau an ɗauke amana daga tunanin ɗan Adam, wanda gyangyaɗi da mantuwa ke ci, an ɗora ta a kan ƙarfe.

A babbar tasha, inda layuka suka yi rassa, matsalar ta ninka. Can akan tara mariƙan ƙarfe a jere cikin ɗakin sigina, wanda akan ɗaga shi sama don ma'aikaci ya hangi filin. Wani mariƙi yana juya harsunan dogo ya karkatar da jirgi zuwa wani layi, wani yana motsa hannun sigina a kan dirkarsa: in hannun yana miƙe a kwance, tsaya, in ya karkata, wuce, da dare kuma jar fitila da tsanwa. Hikimar tana ƙarƙashin daɓe, inda sakatu suka sarƙe da juna, dabarar da John Saxby ya yi wa rajista cikin 1856. Ba a iya jan mariƙin da zai ce wa jirgi ya taho sai an riga an daidaita harsunan hanyarsa an kulle su. In kuwa an ba shi hanya, duk mariƙin da zai kawo wani jirgi ya gitta masa ya ƙi motsi. Bayan haɗarin Armagh na 1889, wanda ya ci rai 80, doka ta wajabta wannan sarƙaƙƙen kulle a layukan fasinja na Birtaniya. Zariya ce ta fi buƙatar lura a Arewa ta wajen mararraba, don ban da layin Kano da na Ƙauran Namoda, daga 1914 zuwa 1957 akwai ƙaramin dogon Jos, mai faɗin ƙafa 2 da rabi, wanda taragunsa ba su iya hawa babban layi, sai a sauke kaya a sāke lodi.

Wannan tsari ya tsare rayuka, amma ya yi wa ciniki iyaka wadda ba ta ƙetaruwa. Yanki ɗaya, jirgi ɗaya. Ko da gyaɗa ta cika Kano, yawan jiragen da za su gangara a yini ya dogara ga nisan da ke tsakanin tashoshi, da tsawon layin raɓewa, da saurin kan jirgi a hawa. Kuma ba gyaɗa kaɗai ke neman hanya ba: akwai fasinja, da shanu, da fatu, da kayan kanti masu hawowa, har da gawayin Inugu wanda jiragen kansu ke ci.

Da wannan ya kamata a dubi dalar gyaɗa. An saba nuna ta a hoto a matsayin alamar arziki, ana danganta farkonta ga Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955. Arziki ne, ba shakka. Amma buhun da aka jibga aka lulluɓe da tamfol buhu ne wanda bai sami tarago ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi sun gaji, kayan gyara sun yi wuya, ma'aikata kuma, bisa jagorancin Michael Imoudu, sun shiga yajin aikin gama-gari na 1945 wanda ya wuce kwana 40. Dala ta riƙa kwana har sabuwar kaka ta tarar da ita, ƙwari suna ɓarna. Asarar nan daga asusun hukumar ciniki ta ke fita, wadda aka kafa wa gyaɗa cikin 1949, asusun kuwa ragowar kuɗin manomi ne da aka riƙe. A ganinmu, malamin da ke koyar da wannan zamani bai cika aikinsa ba in ya nuna wa ɗalibai dala bai nuna musu layi guda da ke bayanta ba.

Cikin 1955 aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, aka kuma shigo da kawunan jirgi masu shan man dizal. Sauƙin bai daɗe ba. Motoci suka ƙwace lodi, farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, dala ta ɓace daga Kano. Sabon dogo mai faɗi da aka aza harsashinsa cikin 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, an zana shi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, watau shi ma gabas da Tsanyawa ya ratsa.