Daga Hogben Zuwa Karofi: Wa Ya Raɗa Mana "Sunan Ƙarshe"?

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare.

Satin da ya wuce kwana uku na yi ina safa da marwa tsakanin Karofi, Dutsin-Ma da Katsina saboda suna. Ba sunan da ake yanka rago a ci tuwo ba, sunan takarda. Ɗan ƙanwata ne ya samu gurbin karatu, aka zo tantancewa sai aka ga ashe mutum uku ne shi kaɗai. A ce sunanshi Musa, ubanshi Sani, kakanshi Haruna (ba sunayen ba ne, misali na kawo). Takardar firamare ta ce Musa Sani. Ta sakandare ta ce Musa Sani Karofi. Katin ɗan ƙasa kuma ya ce Haruna Musa Sani, don ranar da aka je yi mashi an tambayi "sunan iyali", wanda ya raka shi ya ga ai kaka ne tushen iyali, sai ya ba da sunan kaka. Babu wanda ya yi ƙarya cikin ukun. Amma kwamfuta ba ta san haka ba, ita harafi take ƙirgawa.

Muna zaune kan benci muna jiran layi yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wai wa ya kawo mana wannan sunan ƙarshen ne?" Na ce mashi Turawa. Ya ce su kuma a ina suka samo? Nan fa na yi shiru. Da na koma gida sai idona ya faɗa kan wani tsohon littafi da ke kan kanta tun ina ɗalibi, na ga sunan marubucin, na ce yau da kai zan fara.

Sunan shi ne Hogben. Duk wanda ya karanci tarihin masarautun Arewa ya ci karo da shi. S. J. Hogben malamin makaranta ne zamanin mulkin Turawa, ya yi koyarwa a Katsina, kuma a 1930 ya fitar da littafi kan masarautun Musulmi na Najeriya. A 1966 aka sake faɗaɗa littafin tare da A. H. M. Kirk-Greene, shi ne wanda har gobe ɗaliban tarihi ke ɗauko labarin Korau da Ummarun Dallaje da Dikko daga cikinshi. Shi ne kuma ake dangantawa da kawo wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya shahara da shi, kuma har yanzu Katsinawa ba su bar shi ba.

To me Hogben ke nufi? Ko a Ingila ba suna ne da ake tuntuɓe da shi ko'ina ba. Gidanshi yankin Kent ne, can kudu maso gabashin ƙasar, wajajen birnin Canterbury, daga nan ya ɗan bazu zuwa wurare irin su Ostareliya da New Zealand ta hanyar masu ƙaura. Masanan da suka bi diddigin sunayen Ingilishi sun ce asalinshi tsohuwar kalma ce da ke nufin ƙashin ƙugu. Wato laƙabi ne aka manna wa wani mutum mai matsalar ƙugu, mai ɗingishi in yana tafiya. A Hausance dai kamar a ce Gurgu ko Maiɗingishi. Mutumin ya mutu shekaru ɗaruruwa, ƙugun ya zama ƙasa, amma jikokin jikokinshi, masu miƙaƙƙiyar ƙafa, suna nan suna sa hannu a takarda da tsokanar da maƙwabta suka yi wa kakansu. Cikinsu har da Lancelot Hogben, masanin kimiyyar da littafinshi na lissafi don talakawa ya yi tashe a 1936.

Wallahi da na gane haka sai da na yi dariya ni kaɗai. Mu nan in an ce sunan Bature sai mu ɗauka wani abu ne mai nauyi da aka sauko da shi daga sama. Ashe Dogo ne da Gajere da Baƙo, irin namu.

Don su ma Ingilishi da can ba su da sunan gado. Mutum suna ɗaya gare shi, sai a bambance shi da ubanshi ko sana'arshi ko garinsu ko wata alama a jikinshi, kamar dai yadda muke yi. Bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066 ne manyan masu filaye suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, saboda gadon ƙasa. Talakawa suka biyo baya a hankali, sai wajen 1400 akasarin gidaje suka zama suna da shi. Abin da ya daskarar da sunayen kuwa ba al'ada ba ce kawai, alƙalamin hukuma ne. An yi harajin kai a 1377 da 1379 da 1381, dole mai karɓa ya rubuta wane John ne ya biya, wane ne ya gudu. Harajin 1381 ɗin har bore ya haifar, kuma jagoran mutanen Kent a boren sunanshi Wat Tyler, Tyler ɗin ma'anarshi mai rufin ɗaki. A 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Daga nan suna ya shiga littafi, ba ya fita.

Ku riƙe wannan: haraji, rajista, littafi. Abin da ya same su ke nan, shi ne ya same mu, sai dai mu namu cikin gaggawa aka yi shi.

Bahaushe kafin zuwan Turawa yana da sunan yanka, yana da laƙabi, wani lokacin laƙabin ma ya danne sunan yankan har sai ranar ɗaurin aure ake jin shi. Tanko, Mati, Ɗanladi, Ɗanjuma, Kande, Audi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin sunan miji. In ana son bambancewa a ce wane ɗan wane, ko wane maƙeri, ko wane na Kurfi. Amma wannan "ɗan wane" ɗin ba ya wuce tsara ɗaya. Ɗana zai ɗauki sunana, jikana ya ɗauki sunan ɗana. Sarƙa ce, kowace zobe da sunanta. Shi kuma fom ɗin Bature igiya ɗaya yake so daga sama har ƙasa.

Da aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya ƙaddamar a 1922, aka tara samari daga lardunan Arewa, sai ga Abubakar da yawa, Ahmadu da yawa, Muhammadu kuwa ba a magana. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa wa kowa sunan garinsu. Sardauna a makaranta Ahmadu Raɓa ne, daga baya ya koma Bello, sunan kakan ubanshi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abubakar Imam a farko Abubakar Kagara ne, wanshi kuwa Bello Kagara ya riƙe sunan garin har ƙarshe. Tafawa Ɓalewa gari ne. Shagari gari ne. Zungur, Kaita, Kano, Ribaɗu, duk wurare ne. Shi ya sa in ka karanta jerin 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko sai ka ji kamar kwandasta ke kiran fasinja a tasha.

Mu ma nan yankinmu haka ne. Alhaji Amadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maraɗin Katsina, ya kuma riƙe sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa a zaɓen 1979, da sunan Kurfi duniya ta san shi. Shema da tsohon gwamna Ibrahim Shehu Shema ke amsawa wuri ne a ƙasar Dutsin-Ma. 'Yar'aduwa unguwa ce a cikin birnin Katsina. Kwalejin ilimi da ke Dutsin-Ma sunan Isa Kaita gare ta, wato sunan wani gari ya biyo mutum ya zo ya zauna a wani garin.

Sai dai kada mu ba Bature ladar da ba tashi ba. Danganta mutum da garinsu mun san shi tun kafin su zo, ta hanyar malamanmu. Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, Katsina ce a manne da sunanshi. Kai, Buhari ma da muke raɗa wa yara, asalinshi "mutumin Bukhara" ne, garin Imam Bukhari a ƙasar Uzbekistan ta yau. Sunan gari ya zama sunan yanka a wurinmu, ya zagayo ya zama sunan ƙarshe na shugaban ƙasa. Bature dai akwati ya zana a takarda, abin da muka zuba ciki namu ne.

Yanzu bari in zo gida, don nan ne abin ya fi taɓa ni.

Karofi a Hausa marina ce, wurin da ramukan rini suke. Inda ake jiƙa baba, a zuba toka, a dama, a jira ruwan ya nuna, marini ya zauna bakin rami yana tsoma tufa yana ɗagawa ta sha iska har ta yi baƙi ƙirin, a kai wa mabuga su buge ta da shuni ta ɗauki ƙyalli. Katsin da aka kwashe daga ƙasan ramin ma ba ya faɗuwa ƙasa banza, da shi ake haɗa lason da ake shafe soro. Wanda bai taɓa gani ba ya leƙa Ƙofar Mata in ya je Kano. Tsofaffinmu in ka tambaye su asalin sunan garin nan, kan rini suke nuna maka. Ke nan wanda ya rubuta Karofi a ƙarshen sunanshi abu biyu ya ɗauko lokaci guda, gari da sana'a.

Ingilishi ma suna da namu. Dyer marini ne. Lister marini ne. Dexter ma marini ne, asalinshi ma mace mai rini. Suna nan birjik, likitoci da lauyoyi, ba wanda ya taɓa tsoma hannu a baba, kuma ba su jin kunyar sunan. Mu kuwa a Katsina muna da wanda ya fi su duka: Wali Ɗan Marina, babban malamin ƙarni na 17, wanda a rubuce-rubucen Larabci ake kira Ibn al-Sabbag, ɗan marini. Shekara fiye da ɗari uku ke nan, sunan rini ne ke riƙe da shi a bakin mutane, da yawa ma ba su san sunanshi na yanka Muhammadu ba ne.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaranmu na goge sunan garin daga takardunsu, wai ƙauyanci ne. Na san wasu na da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Akwai wanda aka haifa a Kaduna ko Legas, sunan gari a takardarshi ya zama tambarin "ba ɗan nan ba ne" duk lokacin da ya nemi aiki ko tallafin karatu. Wannan ciwo ne na gaske, laifin tsarin ɗan ƙasa da baƙo ne, ba laifin sunan ba. Amma wanda ke zaune a Karofi, yake shan ruwan Karofi, ya ce sunan ya yi mashi nauyi, to ya je ya tambayi jikokin mai ɗingishin Kent yadda suka yi da nasu.

Af, tunda an zo nan, bari in taɓo 'yan'uwa mata. Ajiye sunan uba a ɗauki na miji al'adar Ingilishi ce tsantsa, ba tamu ba, ba ta addini ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab umarni ta yi a riƙa danganta mutum ga ubanshi. Ban da haka ma, duk wadda ta canza ta san wahalar da ke biyo baya a banki da wurin fansho, balle in auren bai ɗore ba. Na bar wannan a nan kafin a cika mani akwatin saƙo.

Abin da na lura shi ne, ƙasashen da suka shiga wannan harka a makare sun zauna sun yi mata doka. Turkiyya a 1934 ta ce kowane gida ya zaɓi suna ɗaya ya yi rajista. Mu ba mu yi haka ba. Kowane hedimasta da fahimtarshi, kowane mai shagon kwamfuta da tashi. Shekara da shekaru abin bai dame mu ba, don malamin da ke riƙe da rajista ya san yaron, ya san ubanshi, ya san gidan. Yanzu da aka ɗaure lambar banki da ta ɗan ƙasa da layin waya da jarrabawa a igiya ɗaya, sai ɓarakar ta fito fili. Wanda ke shan wuyar kuma shi ne ɗan talaka da ba shi da kuɗin mota zuwa birni sau uku.

Mu dai a ƙarshe takardar rantsuwa muka yi a kotu, muka buga sanarwa a jarida, muka cike fom ɗin gyara, aka ce a jira. Kafin a rubuta sai da na kira uban yaron a waya na ce, "Malam, yau za a yanke, wanne za a bari?" Ya ce duk wanda ya fi sauƙi. Na juya ga yaron na ce to kai fa, kai za ka ɗauke shi har tsufa, 'ya'yanka ma wataƙila su gada. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a sa sunanshi, a sa na babanshi a tsakiya, a rufe da Karofi. Magatakardan ya ɗago kai ya tambaya ko da "f" ɗaya ake rubutawa, na ce ɗaya ce, na tsaya a kanshi har ya gama bugawa na karanta da idona sau biyu.

Ƙannenshi uku na firamare yanzu. Jibi Litinin in Allah Ya kai mu zan je makarantar tasu da kaina in duba abin da aka rubuta masu a rajista.