Ma'aunin Tasirin Mujalla da Tantance Malaman Jami'a: Nazarin Matakin Jami'ar Utrecht

Tsakure

Maƙalar ta nazarci matakin da Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta sanar a 2021 na daina duba ma'aunin tasirin mujalla wajen ɗaukar malamai da ƙara musu girma. Ta tabbatar da cewa hujjar masu sukar matakin ba ta tsaya ba.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Eugene Garfield ne ya kawo tunanin ƙidayar ambato a 1955, daga baya ma'aunin ya zama jagoran masu kula da ɗakunan karatu wajen zaɓen mujallun da za su saya. Sanarwar San Francisco ta 2012 da Ƙudurin Leiden na 2015 duk sun hana a auna mutum da shi. Da waɗannan ba mu da ja. Jayayyarmu da masana fiye da 100 ne na Holan da suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2021, suna cewa lamba ba ta san son kai ba, kuma watsi da ita zai bar matasan masu bincike a hannun ra'ayin 'yan kwamiti. Tsoronsu yana da tushe, amma maganin da suka riƙe ba ya warkar da ciwon.

Dabarun Bincike

An bi takardun da aka ambata, aka gwada da'awar masu suka da yadda ake lissafa ma'aunin.

Sakamakon Bincike

Ana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyu da suka wuce, a raba da yawan maƙalun. Abin da ke fitowa matsakaici ne, kuma matsakaici yana da amfani ne idan maƙalun sun yi kusa da juna. Ba su yi ba. Per Seglen ya nuna a 1997 cewa kashi 15 cikin ɗari na maƙalun mujalla ne ke kwashe rabin ambaton da take samu, rabin maƙalun kuma ke kwashe kashi 90.

A ɗauka mujalla ta buga maƙalu 10, aka ambaci ɗaya sau 91, sauran tara kuma sau ɗai-ɗai. Ma'auninta 10 ne. Marubuta tara sun ci albarkacin mutum ɗaya, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Kwamitin da ya ƙara wa ɗayansu girma saboda wannan lamba, aikin maƙwabcinsa ya auna. Lambar ba ta son kai, gaskiya ne, sai dai ba mai neman muƙamin take bayani a kansa ba.

Akwai kuma wanda lambar ba ta gani sam. Rumbun da ake ciro ta ya fi karkata ga Ingilishi, don haka malamin da ke wallafa nazarinsa da Holanci, ko da Hausa, galibi ba ya cikin ƙidayar.

Iyakokin Bincike

Alƙaluman Seglen daga mujallun kimiyyar sinadaran halittu suka fito, kuma karanta aikin mutum yana cin lokacin kwamiti. An yarda. Wannan ba ya mayar da matsakaicin mujalla ya zama shaidar ingancin maƙala.

Naɗewa

Utrecht ta yi daidai. Nauyin kawo hujja yanzu yana kan jami'o'in da har yanzu ke raba maki bisa sunan mujalla.